Peugeot 504 ta gado: gyaran kujeru da ƙafafu na farawa ne daga ƙarfe

A unguwannin Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, ba wuya a ci karo da tsohuwar Peugeot 504, wadda aka fi sani da Fijo, a ajiye a ƙofar gida ko ƙarƙashin dogon yaro, tayoyi sun sace, rana ta cinye kujeru. Sau da yawa motar gado ce, kuma magada kan tsinci kansu tsakanin shawara biyu: a sayar da ita a kan kilo ga masu sayen tsohon ƙarfe, ko a tayar da ita.

Ga waɗanda suka zaɓi tayar da ita, inji aikin makanike ne, amma kujeru da ƙafafu abu ne da mai haƙuri zai iya yi a tsakar gida da kayan aiki kaɗan. Sai dai a nan ne kuma aka fi kashe kuɗi a kan ado, a bar ƙarfen da ke ɗauke da rayuwar mutane yana ruɓewa.

Motar da ta san hanyoyin Sahel

Kamfanin Peugeot ya fito da 504 a Faransa a 1968, kuma a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a nahiyar Turai. A 1975 ta lashe gasar Safari ta gabashin Afirka, gasar da ta yi suna wajen karya motoci. A wannan shekarar ce masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara aiki, inda aka ci gaba da haɗa 504 har zuwa 2006, shekaru masu yawa bayan Faransa ta daina ƙera ta.

Doguwar 504 mai layin kujeru uku ita ce ta yi ta jigilar matafiya tsakanin Maraɗi da Katsina, da Damagaram da Kano. Wannan tarihin ne ya sa har yanzu ana iya dacewa da tsofaffin kayanta a Katako ta Yamai, da Ƙofar Ruwa ta Kano, da Panteka ta Kaduna. A Turai kuwa ta shiga sahun motocin tarihi, inda masu tara irinsu suka fi daraja wadda ta riƙe kamanninta na asali.

Kujera: kada a yar da tsohuwar riga

Kujerar mota hawa huɗu ce: ƙashin ƙarfe, sifirin, soso, sai rigar da ke rufe su. Mafi yawan gyaran gaggawa na tsayawa ne a kan rigar, a ɗinka sabuwa a ɗora kan ruɓaɓɓen soso. Ba a daɗewa kujerar ke komawa rami.

Matakin farko shi ne ɗaukar hoto da waya kafin a kwance komai, a kuma tara notocin kowace kujera a gwangwaninta. Rigar na maƙale ne da ƙananan zobban ƙarfe, waɗanda ake yankewa ɗaya bayan ɗaya. Komai lalacewarta, ba a yar da ita. Ana farke ɗinkin a hankali, a rubuta lamba a bayan kowane yanki, domin da ita ce mai ɗinkin kujeru zai auna sabuwar. A wasu samfuran 504, matashin kai na nutsewa ne cikin majinginar kujerar gaba. Wannan na cikin alamomin motar, kuma yana ɓacewa idan aka lulluɓe kujerar da riga ta kowa da kowa.

Bayan an tuɓe kujerar ne ake ganin gaskiyarta. A goge tsatsa da burushin waya, a nemi tsaga musamman a mahaɗar mazauni da majingina, a kai wa mai walda idan an samu, sannan a shafa fentin hana tsatsa. A duba dogon ƙarfen da kujerar ke zamewa a kai, da daɓen motar inda notoci ke kamawa, da maɗaurin ɗamara. Idan tsatsa ta cinye wurin, birki mai ƙarfi ko karo na iya tumɓuke kujerar tare da wanda ke zaune a kai. Ɗamarar da ta yi shekaru tana shan rana ita ma canza ta ake yi, ba a ɗinke ta.

Soson katifa mai araha yana saurin lotsawa. Wanda ya dace shi ne mai nauyi, wanda ke dawowa nan take idan an danna shi. Ana shimfiɗa ƙyalle mai kauri tsakaninsa da sifirin don kada ƙarfe ya yanka shi.

Leda, yadi ko fata?

A ƙasar da zafin watan Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, baƙar leda kan zama kamar tanda, kuma tana tsattsagewa da wuri. Yadi mai kauri a tsakiya da leda a gefe ya fi sauƙin zama. Zafin ma na da nasa amfani: idan aka shanya sabuwar leda a rana na ɗan lokaci, takan yi laushi ta hau soso ba tare da tattarewa ba.

Masu son fatar gida na da abin alfahari, domin fatar jar akuyar Maraɗi ta daɗe da yin suna har a kasuwannin Turai, kuma dukawan Damagaram sun gaji aikin. Amma fatar akuya ƙarama ce kuma ba ta da kauri, don haka ta fi dacewa da ado a bakin ɗinki da jikin ƙofa. Mazauni na buƙatar fatar sa. Kafin a saya, a goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle a kanta. Idan rini ya fita, haka zai fita a jikin farar shadda ranar Juma'a.

Ƙafafu: inda ado ke zama haɗari

Ƙaramar 504 na tafiya ne da ƙarfen taya, wato janti ko rim, mai inci 14 da ramuka huɗu da ke kan da'ira mai faɗin milimita 140. Wannan awon ba kasafai ake samun sa a motocin yanzu ba. Sababbin Peugeot masu noti huɗu na amfani da milimita 108, motocin Japan da yawa kuma 100 ko 114.3. Saboda haka wanda ya sayo janti mai ƙyalli a kasuwa yakan tarar ba ta shiga, sai a ba shi shawarar faɗaɗa ramuka ko huda sababbi. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido, domin notin da bai zauna daidai ba yana kwancewa a kan gudu.

Tsohuwar jantin ƙarfe kan dawo sabuwa da ɗan aiki. A sa mai faci ya cire taya, a wanke, a goge tsatsa da burushin waya da samfefa, musamman leɓen ciki inda taya ke kamawa, don ta nan iska ke sulalewa. Sai fentin hana tsatsa, a bi shi da shafi biyu ko uku marasa kauri, a inuwa, a ranar da babu ƙura. Ba a cika fenti a mazaunin noti da fuskar da ke manne wa motar. Jantin da ta tsage ko ramukanta suka buɗe, magani ɗaya gare ta: a canza ta.

Mai wannan aiki ya rufe hanci da baki. Tsohon fenti na iya ƙunsar darma, ƙurar tsohon birki kuma na iya ƙunsar asbestos mai illa ga huhu, don haka gogewa ake yi da jiƙaƙƙen tsumma, ba hurawa ba. Ba a kuma amince wa jak shi kaɗai. Sai an tokare motar da abin da ba ya zamewa, a kan ƙasa mai tauri.

Taya na tsufa ko ba ta taka ƙasa ba

Motar da ta yi shekaru a ajiye na iya samun tayoyi masu cikakken zane, amma robar ta bushe. Shekarun taya na rubuce a gefenta, a ƙarshen lambar da ke farawa da DOT. Alƙaluma huɗu na ƙarshe su ne mako da shekara: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Idan alƙaluma uku ne, an yi ta kafin 2000. Kamfanin Michelin na ba da shawarar a riƙa duba taya duk shekara bayan ta cika shekara 5, a kuma canza ta idan ta kai 10 komai kyanta. Wannan ya shafi tayar safaya da tayoyin gwanjo da ke cike kasuwanni.

Wajen mayar da ƙafa, ana ɗaura notoci da hannu tukuna, a matse su a gicciye, sannan a sake duba su bayan tafiyar kimanin kilomita 50.

Ga masu aiko da kuɗi daga waje

Ɗan ci-rani da ke Aljeriya, Libiya, Abijan ko Faransa, wanda ya ɗauki nauyin tayar da motar mahaifinsa, hoto kawai yake gani ta WhatsApp, kuma sabuwar leda da fenti na yin kyau a hoto ko da ƙarƙashinsu ruɓa ce. Abin da ya fi masa amfani shi ne ya nemi hoton ƙashin kujera tun tana tsirara, da na daɓen motar inda notoci ke kamawa, da na ramukan janti, da na lambar da ke gefen kowace taya. Ya kuma raba kuɗin kashi-kashi, na ƙarfe da tayoyi su fara tafiya, na soso ya biyo baya, na riga da fenti su zo daga ƙarshe. Idan kuɗin suka ƙare a tsakiya, motar za ta jira ado ne a kan ƙafafu masu lafiya da kujerun da ba za su tumɓuke ba.