Hatsi a rumbu, tamowa a ɗaka

A shekarar 2005, lokacin da yunwa ta auka wa Nijar, likitocin ƙungiyar MSF sun lura da wani abu mai ɗaure kai. Yaran da tamowa ta fi kayarwa ba daga arewa mai fari suka fi fitowa ba. Da yawansu daga kudancin jihar Maraɗi aka kawo su, har da gundumar Madarunfa, ƙasar tabki da Gulbin Maraɗi, wadda ake ɗauka rumbun ƙasa. Yaya yaro zai rame a inda ake noma haka?

Amsar da ta fara zuwa baki ita ce kuɗi. Manomi ya sayar da gero da kaka don biyan bashi, hatsin ya bi hanyar Ɗan Isa da Jibiya, da damina ya dawo saye tiya ta yi tsada. Ga zazzaɓin cizon sauro a daidai wannan lokaci. Duk gaskiya ne. Sai dai ko a shekarar da aka yi albarka, tamowa ba ta barin yankin.

To, mu leƙa ƙoƙon yaron. Kunun gero ne, tsararo, mafi yawansa ruwa. Gero na da furotin, amma ya gaza a wani ginshiƙi na furotin da ake kira laisin, wanda jiki ba ya iya haɗa shi da kansa. Ciki ya cika, tsoka ba ta ginu ba.

Abin da ke da laisin kuwa yana nan kusa, a gamanar mata, a gefen da ƙasa ta gaji: kwaruru, wadda wasu ke ce wa gurjiya. Busasshiyar ƙwayarta kimanin kashi 60 cikin 100 abinci ne mai ba da ƙarfi, kusan kashi 20 furotin, wajen kashi 6 mai. Tana jure fari, saiwarta kuma na ƙara wa ƙasa taki. Nijar na cikin ƙasashen da suka fi noma ta a duniya, tare da Burkina Faso da Kamaru. Ni dai ban ga shukar da aka raina haka ba alhali ba ta yi laifin kome ba.

Me ya hana ta shiga kunun? Murhu ne. Ɗanyar kwaruru da kaka nan da nan take nuna, a sa gishiri a ci a wuce. Da ta bushe ta kwana a ajiya cikin zafi, sai ta yi tauri, ta kwashe sa'o'i uku ko fiye a kan wuta. Macen da ke sayen icce ko yo shi daga nesa ta san lissafinta, wake ya fi mata sauƙi.

Saura launi. Akwai fara, akwai ja, akwai baƙa, akwai mai ɗigo-ɗigo. Bincike ya nuna baƙa da ja sun fi yawan sinadaran antioksidan, masu kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa, kuma a fatar ƙwaya suka taru. Su ne ke rina ruwan dahuwa. Sai mutum ya zaci baƙar ce ta dace da yaro. A nan ne gizo ke saƙa: cikin sinadaran akwai tanin, wanda ke riƙe sinadarin ƙarfe ya hana hanji tsotse shi, yaron da ke fama da ƙarancin jini kuwa ƙarfen yake nema. Babba ya ci baƙar da fatarta, lafiya lau. Ta yaro, a jiƙa ta kwana, a cire fata, a soya sama-sama, a kai inji a niƙa, a haɗa garin da na gero. Tanin ya ragu, kuma gari ba ya cin iccen da ƙwaya ke ci.