Ƙasar da Ta Daina Ɗaure Mashaya, Ta Ci Gaba da Ɗaure Dillalai

A ƙarshen shekarun 1990 akwai wata unguwa a Lisbon, babban birnin ƙasar Fotugal, da ake kira Casal Ventoso. Unguwar talakawa ce da ke maƙale a jikin tudu, gidajenta a cunkushe, lungunanta ƙunci. A wancan zamani ana lissafa ta a matsayin kasuwar ƙwaya mafi girma da ake ci a fili a duk Turai. An ƙiyasta mutum kusan 5,000 ne ke kwararowa cikinta kullum don sayen hiroyin, wata hoda mai mugun kama jiki da ake narkawa a ɗura a jijiya da allura. Masu saye sukan yi layi da rana tsaka, talaka da ɗan masu hali kafaɗa da kafaɗa. Allurai da aka gama amfani da su ko'ina a warwatse. Wasu mashayan sun bar gidajen iyayensu sun kafa bukkokin kwali da leda a gefen tudun, don kada su yi nisa da dila. Ba baƙon abu ba ne gari ya waye a tsinci gawa a lungu.

Abin bai faɗo wa Fotugal daga sama ba. Fiye da shekara 40 ƙasar tana rufe a ƙarƙashin mulkin kama-karya da António Salazar ya kafa. Fita waje sai da wahala, shigowar baƙin al'adu kuma an toshe mata hanya. Daga 1961 gwamnati ta riƙa tura samarinta yaƙi a Angola da Mozambik da Gini Bisau, don hana waɗannan ƙasashe samun 'yancin kai. A ranar 25 ga Afrilun 1974 sojoji suka kifar da gwamnatin, yaƙin ya ƙare, dakaru da dubban ɗaruruwan mazauna Afirka suka komo gida, wasunsu da ɗabi'ar shan tabar wiwi. Ƙofofin ƙasa suka buɗe lokaci guda. Matasa suka ɗauki shaye-shaye a matsayin alamar 'yanci, iyaye da malamai da likitoci kuwa ba su san komai a kan lamarin ba, ballantana su yi gargaɗi. Da hiroyin ta iso, sai ta tarar da jama'ar da ba ta da garkuwa ko kaɗan.

Kafin shekara 25 ta cika, an ƙiyasta mutum 100,000 ne ke amfani da hiroyin a ƙasar da mutanenta kimanin miliyan 10 ne, wato mutum ɗaya cikin kowane ɗari. Saboda mashaya suna karɓa-karɓar allura ɗaya, cutar ƙanjamau ta bazu a tsakaninsu har Fotugal ta zarce kowace ƙasa ta Tarayyar Turai wajen kamuwa da ita ta wannan hanya. Gwamnati kuwa ta yi abin da gwamnatoci suka saba yi: kame, gurfanarwa, ɗauri. Doka ta tanadi zaman kurkuku har na shekara guda ga wanda aka kama da ƙwayar shansa. Gidajen yari suka cika, fiye da kashi 40 cikin 100 na waɗanda aka yanke wa hukunci suna ciki ne a kan laifin da ya shafi ƙwaya. A cikin kurkukun ma allura tana yawo. Saurayi ya shiga da jarabar shaye-shaye, ya fito da jarabar da ciwo da tabon ɗauri da zai hana shi samun aiki.

A yankin Algarve da ke kudancin ƙasar akwai wani likitan iyali mai suna João Goulão. Bai karanci fannin shaye-shaye ba, aikinsa duba zazzaɓi da hawan jini da masu ciki ne. Amma iyaye suka fara shigowa ofishinsa ɗaya bayan ɗaya, suna rage murya suna faɗa masa halin da 'ya'yansu ke ciki, suna roƙon ya taimaka. Sai ya tafi Lisbon ya sami horo a cibiyar Taipas, wadda gwamnati ta buɗe a 1987 don kula da mashaya, ya komo kudu ya shiga aikin gadan-gadan. A 1997 aka ɗora shi a kan hukumar da ke kula da cibiyoyin jinyar mashaya na ƙasar baki ɗaya. Ya sha faɗa daga baya cewa a wancan lokaci da wuya a sami iyalin da bala'in bai taɓa ba, kuma wannan ne ya sauya zukatan mutane. Uwar da ɗanta ke kwance a lungu ba ta kallonsa a matsayin mai laifin da ya cancanci kurkuku. Marar lafiya take gani, kuma magani take nema masa.

A 1998 gwamnatin Firaminista António Guterres, wanda daga baya ya zama Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, ta kafa kwamitin masana ƙarƙashin masanin kimiyya Alexandre Quintanilha. A ciki akwai likitoci da masana halayyar ɗan'adam da masana shari'a, Goulão yana cikinsu. An ba su dama su kawo duk shawarar da suka ga ta dace, da sharaɗin kada ta saɓa wa yarjejeniyoyin duniya kan miyagun ƙwayoyi da Fotugal ta sa wa hannu. Ke nan halasta ƙwaya ba ya cikin abin da ke gabansu. Shawarar da suka kawo ita ce a raba mai sha da mai sayarwa, kowa a bi da shi ta hanyarsa. Gwamnati ta karɓa a 1999, majalisa ta zartar da doka mai lamba 30 ta shekarar 2000, ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2001.

Ga yadda dokar take aiki. Ƙwaya haramtacciya ce a Fotugal har gobe. Idan ɗan sanda ya kama mutum da ita, zai ƙwace, ya auna. Idan ba ta wuce abin da doka ta ɗauka a matsayin shan kwana 10 ba, wato giram 1 na hiroyin, ko giram 2 na koken, ko giram 25 na ganyen wiwi, kuma babu alamar sayarwa yake yi, to ba za a kai shi kotu ba. Za a ba shi takarda ya bayyana cikin awa 72 gaban wani kwamiti na mutum uku, wanda ya haɗa masanin shari'a da ma'aikatan lafiya ko na jin daɗin jama'a. Kowace gunduma tana da irin wannan kwamiti. A ɗaki na yau da kullum ake zama, a kewaye tebur, babu alkyabbar alƙali, babu akwatin tsayuwar mai laifi. Za a tambaye shi me yake sha, tun yaushe, yana da aiki ko babu, da wa yake zaune. Idan sha ne na ganganci kuma karon farko, yawanci akan jingine maganar da gargaɗi. Idan ya maimaita, ana iya cin sa tara, ko a sa shi aikin gayya, ko a hana shi zuwa wasu wurare, ko a dakatar da lasisin sana'arsa. Idan kuwa ƙwayar ta riga ta kama jikinsa, sai a lallashe shi zuwa asibiti, a nema masa gurbi. Ba a rubuta sunansa a kundin masu laifi.

Shi kuwa dila babu abin da ya sauya masa. Fataucin ƙwaya laifi ne da hukuncinsa yake tsakanin shekara 4 zuwa 12 a kurkuku, ya kuma ƙaru idan laifin ya yi muni.

'Yan adawa suka yi ca. Shugaban wata jam'iyyar mazan jiya ya yi gargaɗin cewa jiragen sama cike da ɗalibai za su riƙa sauka a Algarve don su sha abin da suka ga dama, tunda an yi alkawarin ba za a ɗaure su ba. Hukumar duniya mai sa ido kan miyagun ƙwayoyi ta nuna rashin jin daɗinta. Mutane da yawa a Turai suka zuba ido su ga Fotugal ta nutse.

Jiragen ba su zo ba. Abin da ya zo shi ne mashaya, waɗanda a da ke ɓuya don tsoron ɗan sanda, yanzu suna ƙwanƙwasa ƙofar asibiti da kansu. Gwamnati kuma ta shirya musu. Ta ƙara cibiyoyin jinya. Ta faɗaɗa raba metadon, maganin da ke kwantar da ƙishirwar hiroyin ya bar mutum ya iya tashi ya nemi abinci, har da motoci da ke zagaya unguwannin Lisbon kullum suna ba da shi. Shirin musayar tsohuwar allura da sabuwa, wanda aka fara tun 1993 a shagunan sayar da magani, ya ƙara ƙarfi. Ma'aikata suka riƙa bin mashaya har kangaye da ƙarƙashin gadoji. Aka kuma yi wani shiri na tallafa wa duk mai sana'ar da ya yarda ya ɗauki wanda ya daina sha aiki, gwamnati tana ɗauke masa wani ɓangare na kuɗin. Ita ma Casal Ventoso hukumar birnin ta rushe ta, ta mayar da mazaunanta sabbin gidaje.

Sakamakon ya fito a alƙaluma. A 2001 mashaya fiye da 1,000 aka gano sun kamu da ƙwayar cutar ƙanjamau. A 2012 ba su kai 60 ba. Mutuwa ta dalilin zarce kima ta ragu, har Fotugal ta daɗe tana cikin ƙasashen Yammacin Turai mafi ƙarancin irin wannan mutuwa. Masu amfani da hiroyin sun ragu da kusan rabi, da yawansu kuma suna karɓar magani. Kason fursunonin ƙwaya ya sauko daga sama da kashi 40 zuwa kusan kashi 20. 'Yan sanda suka rage ɓata lokaci a kan saurayi mai ƙulli ɗaya a aljihu, suka fi mai da hankali ga masu shigo da kaya ta jiragen ruwa. Hukumar duniyar nan da ta yi suka da farko ta dawo tana yaba tsarin. Goulão kansa aka zaɓe shi ya shugabanci majalisar gudanarwar hukumar Tarayyar Turai mai nazarin miyagun ƙwayoyi daga 2009 zuwa 2015.

Amma labarin bai tsaya nan ba, kuma ragowarsa ta fi farkonsa darasi. A 2011 tattalin arzikin Fotugal ya durƙushe, ta karɓi bashin ceto na Yuro biliyan 78 tare da sharuɗɗan tsuke bakin aljihu. A 2012 aka rusa hukumar da ke riƙe da jinyar mashaya, aka rarraba aikinta ga hukumomin lafiya na yankuna, kuɗi suka ragu, ma'aikata suka ragu, layin masu jiran gurbi ya yi tsawo. Dokar tana nan yadda take, amma asibitin da ke bayanta ya raunana. Zuwa 2023 mazauna birnin Porto suna kukan ana allura a fili kusa da makarantu, magajin garin Rui Moreira yana neman a hukunta masu sha a bainar jama'a, mutuwar zarce kima kuma tana ƙaruwa a Lisbon. Tilas gwamnati ta sake kafa hukuma guda mai riƙe da aikin gaba ɗaya, ta ɗora Goulão a kanta.

Jihar Oregon ta Amurka ta gwada kwaikwayon Fotugal. A Nuwamban 2020 masu zaɓe suka amince a daina gurfanar da mashaya, a maye gurbin kamu da tarar dala 100 da ake yafewa idan mutum ya buga waya wani layin taimako. Ba su kafa kwamitin da zai zauna da mutum ido da ido ba, kuɗin jinya ya yi jinkirin isa, ga kuma ƙwayar fentanil ta mamaye tituna. 'Yan kaɗan ne suka buga wayar. A 2024 majalisar jihar ta maido da hukuncin laifi. Sun ɗauki rabin tsarin suka bar rabin da ke cin kuɗi, sun yi gini ba harsashi.

A Najeriya kuwa an gwada ƙarshen tsanani. A Afrilun 1985 gwamnatin soja ta harbe samari uku a Legas kan safarar ƙwaya. Fataucin bai tsaya ba, har ta kai ga an kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA a 1989. Binciken da aka yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi amfani da ƙwaya a cikin shekara guda. A 2019 'yan sanda suka fasa gidajen mari a Kaduna da Katsina suka fito da ɗaruruwan mutane cikin sarƙa, da dama iyayensu ne suka kai su da hannunsu don ba su da wani wurin kai su. A Mayun 2024 Majalisar Dattawa ta amince da ƙudirin maido da hukuncin kisa ga masu safara.

Muhawarar kullum ita ce a tsananta ko a halasta, kamar hanya biyu ce kawai. Fotugal ba ta bi ko ɗaya ba. Ta bar ƙwaya a haramce, ta bar dila a hannun alƙali, ta miƙa mashayi ga likita, ta kuma biya kuɗin likitan. Shekarun da ta biya, rayuka sun tsira. Shekarun da ta ja hannu, ɓarnar ta fara dawowa. Wanda ke azurta kansa da lalata 'ya'yan mutane ya cancanci hukunci mai tsanani, babu jayayya. Amma duk ɗan majalisar da ya ɗaga hannu don a ƙara wa dila shekaru, a tambaye shi gadon jinya nawa ya sa a kasafin kuɗi don yaran da dilan ya riga ya kama.