Mai Hoto a Karkarar Arewacin Kano: Sana'arsa, Makaɗansa da Makomar Aikinsa

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga birnin Kano ta nufi Ɗambatta, ko kuwa wadda ta nufi Bichi, zai lura da cewa babu daji a tsakani. Gona ce ke manne da gona, layin gamba ko na lalle ya raba su, ga ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo tsaitsaye a ciki, kowace bishiya da mai ita. Wannan yanki ne masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya sa'an nan a Jami'ar Bayero, ya yi nazarinsa tare da abokin aikinsa Wilson, suka buga sakamakon a 1965. Sun auna gonaki, sun ƙidaya mutane, sun bayyana yadda jakuna ke kai itace birni su komo da taki. Aiki ne mai daraja ƙwarai. Amma akwai abin da ma'aunin gona ba ya kamawa, watau kamannin mutanen: irin hular da saurayi ya karkata a shekara kaza, da kitson da 'yan mata suka yi yayi, da makaɗin da ya raba dare da su a dandali. Wanda ya adana wannan ɓangare na tarihi wani ne dabam da ba a cika ambatonsa a jami'a ba, shi ne matashin da mutanen ƙauye ke kira mai hoto. A kansa wannan lacca za ta yi magana.

Shigowar Sana'ar

Ba sha'awa ce ta fara kai hoto karkara ba, takarda ce. Fasfo na aikin hajji, da takardar shiga jarrabawa, da lasin tuƙi, duk sun bukaci ƙaramin hoton fuska, kuma a 1977 kaɗai alhazan Nijeriya sun haura dubu ɗari. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncin hoto, wasu suka haɗa shi da gunki, wasu suka ce inuwa ce kawai aka tsare a takarda. Amma da yake babu mai zuwa Makka ba da shi ba, sai lalura ta buɗe ƙofa, sha'awa ta biyo baya. Da farko sai an je birni, Sabon Gari ko Fagge, inda yawancin masu shagunan hoto 'yan Kudu ne. A hannunsu yaran Hausawa suka koyi aikin, kamar yadda aka koyi ɗinkin keke da gyaran agogo. Yaro yakan fara da sharar shago da riƙe fitila, ya kai ga wanke hoto a ɗakin duhu, in ya yi sa'a maigidansa ya sallame shi da tsohuwar kyamara. Daga nan sai ya rataya ta a wuya, ya hau keke, ya koma garinsu.

Shekararsa kuwa ta manomi ce. Da damina babu mai kuɗin hoto, shi ma yana gona kamar kowa. Kasuwarsa tana buɗewa ne da kaka, lokacin da hatsi ya shiga rumbu aka fara ɗaure aure, sai kuma sallah ƙarama da babba, da ranakun kasuwa irin Lahadin Ɗambatta. Fim ɗaya yana cin hoto 36, kuma ba ya kai shi birni a wanke sai ya cika, saboda haka wanda aka ɗauka yau yakan jira mako ɗaya ko biyu. Rabin kuɗi ake ba shi kafin alƙalami, rabi in ya kawo. Hasararsa duk tana cikin wannan rabi na biyu, domin wanda ya ga hoto bai yi masa daɗi ba yakan ce ba shi ba ne.

Hoton Mutum

Wannan magana ta "ba ni ba ne" ta cancanci a tsaya a kanta, domin a nan ne asirin sana'ar yake. Baturen da ya zo yawon buɗe ido yana son ya ɗauki mutum bai shirya ba, yana noma ko yana jan ruwa a rijiya, a ganinsa nan ce gaskiya. Bahaushen ƙauye bai yarda da haka ba. A wurinsa hoto fita ce gaban jama'a, kuma ba a fita gaban jama'a da kayan gona. Sai ya yi wanka, ya sa rigar sallah, in babu ya aro, ya ɗaura agogo ko da ba ya aiki, ya dafa rediyo ko keken abokinsa. Mai hoto ya rataya labule a jikin katanga don ya rufe tsagar bango, ya gyara masa zaman hula, ya ce ya ɗaga haɓa. Ba a yin dariya, domin fara'a a gaban kyamara sakarci ne ga magidanci. Kamun kai ake so a gani. Ashe ke nan hoton aikin mutum biyu ne, mai ɗauka da wanda ake ɗauka, kuma abin da suka haɗu suka ƙera shi ne mutunci.

Mai nazarin tarihi da bai fahimci wannan ba zai yi kuskure babba, ya ƙidaya rediyoyin da ke cikin hotuna ya ce ƙauyen ya yi arziki, alhali kuwa rediyo ɗaya ce ta zaga samari ashirin. Abin da hoton ke faɗa shi ne burin mutanen wannan zamani, kuma buri ma tarihi ne. A shekarun da fari na 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka karya noman da ya gina dalar gyaɗa a Kano, samari suka ƙara yawan tafiya cin rani, sai hoto ya zama wasiƙar wanda bai iya rubutu ba: ya aiko da shi daga Legas ko Fatakwal, iyaye su gani su san yana lafiya, budurwa ta ɓoye nata a ƙasan adaka.

Akwai kuma giɓin da ya kamata a sani. Mai hoto namiji ne, iyakarsa zaure. Saboda haka a cikin tarin aikinsa za a ga 'yan mata kafin aure, a ga tsofaffi, a ga yara, amma matan aure da ke kulle kaɗan ne ƙwarai, in ban da waɗanda lalurar fasfo ta fito da su. Sai da wayar hannu mai kyamara ta shiga cikin gida, bayan zuwan wayar salula a 2001, sa'an nan wannan ƙofa ta buɗe, kuma mata ne da kansu suka buɗe ta.

Kiɗan da Ba Ya Zuwa Fada

Da rana mai hoto na magidanta ne, da dare kuwa na samari ne. Tsaransa su ne masu shirya wasa, shi kuma yana da fitilar walƙiya a kan kyamararsa, don haka duk inda aka kafa kiɗa sai an neme shi. Kiɗan Hausa hawa-hawa ne. Akwai na fada, da tambari da kakaki da algaita, wanda sarauta ke tsaronsa. Akwai na shahararru irin Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos, waɗanda gidajen rediyo da kamfanonin faifai suka adana muryoyinsu. Sa'an nan akwai hawa na uku, mafi yawa, wanda babu mai tsaronsa: kalangun 'yan mata a dandali, da wasan kalankuwa bayan girbi, da kiɗan 'yan dambe, da gogen gidan magajiya, da garayar 'yan bori. Wasu daga cikin waɗannan a fili ake yin su, wasu kuwa sai an fita bayan gari, domin malamai suna tsangwamarsu tun kafin zuwan Turawa. Yawancin makaɗan wannan hawa ba su taɓa shiga ɗakin ɗaukar murya ba. In makaɗi irin wannan ya mutu, abin da ya rage na shaidar ya taɓa rayuwa shi ne hoton da wani yaro ya ɗauke shi da dare, ido ya yi ja saboda walƙiya, zufa tana zuba, an manna masa kuɗi a goshi.

Bayan da Jihar Kano ta ƙaddamar da shari'a a 2000, aka kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001 da Hukumar Hisba a 2003, sai wasannin dare suka ƙara ja da baya, kuma wani sabon kiɗan ɓoye ya bayyana, na matasa masu fiyano da kwamfuta. A 2009 wata kotu a Kano ta haramta waƙoƙi goma sha ɗaya, ciki har da "Hasbunallahu" ta Aminu Ala. Haramcin bai hana su yawo ba. Sun bi ta wayoyin hannu, daga masu tura waƙa a bakin kasuwa zuwa memorin samari, har suka kai ƙauyukan da jarida ba ta zuwa. Abin lura shi ne sau da yawa shagon mai tura waƙa shi ne shagon mai hoto, domin kwamfuta ɗaya ce ke yin aikin biyu, janareta ɗaya ke ba ta wuta. Watau zumuncin da ke tsakanin mai hoto da makaɗi bai yanke ba, kayan aiki ne kawai suka sauya.

Daga Bangon Ɗaki zuwa Bangon Nuni

Domin a gane darajar abin da ke hannun wannan matashi, ya kyautu a dubi ƙasar Mali. Seydou Keïta ya buɗe shagon hoto a Bamako a 1948, yana yin daidai irin aikin da aka bayyana: labule, da kayan aro, da mutane cikin adonsu. A 1991 aka rataya wasu hotunansa a wani nuni a birnin New York ba tare da sunansa ba, aka ce aikin wani ne da ba a sani ba. Wani Bafaranshe mai suna André Magnin ya bi sawu har Bamako ya same shi, ya tarar ya adana dubban nagetif, watau baƙin fim ɗin da ake sake buga hoto daga jikinsa. Ɗan ƙasarsu Malick Sidibé, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana bin wuraren rawar samari da dare yana ɗaukarsu, ya sami lambar Zakin Zinariya a babban nunin Venice a 2007. A Yamai an yi Philippe Koudjina mai irin wannan aiki, a Nijeriya kuma J. D. Okhai Ojeikere, wanda daga 1968 ya ɗauki kusan hotuna dubu na kitson mata. Tun 1994 ake taron nunin hotunan Afirka a Bamako, Legas ma ta fara nata a 2010.

Ba fasaha ce ta raba waɗannan da mai hoton Ɗambatta ko Minjibir ba. Ajiya ce. Su sun adana fim ɗinsu. Shi kuwa na karkarar Kano yakan miƙa wa mai hoton nagetif ɗinsa, ko ya zuba a buhu a kusurwar ɗaki, zafin bazara ya narkar da shi, gara ta ci sauran. Na yanzu ma bai tsira ba, har ya fi na da shiga haɗari: memori ya cika a goge, waya ta faɗa ruwa, kwamfuta ta lalace, aikin shekara biyar ya tafi a yini ɗaya. Kano tana da wuraren da suka dace da wannan ajiya, irin Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, amma hotunan da aka fi gani a irin waɗannan wurare na sarakuna ne da hawan daba da jami'an mulkin mallaka. Talakan karkara, wanda shi ne ya ciyar da birnin, da wuya a ga fuskarsa.

Sai dai matashin da ya yi niyyar kai aikinsa ɗakin nuni zai ci karo da matsalar da ta fi ta gara wuya. Hotunan Keïta ƙanana ne a asali, na riƙewa a hannu. Da suka isa Turai aka faɗaɗa su suka kusa tsawon mutum, aka sayar da tsada, waɗanda ke cikinsu kuwa ba su sani ba. A ƙauyen Hausa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yarinyar da aka ɗauka tana rawar kalangu a 1978 yau kaka ce, ta je Makka, tana da surukai. Makaɗin garaya ya tuba, ɗansa limami ne. Amanar da aka ba mai hoto ita ce ya kai hoton hannun mai shi, ba a ce ya rataya shi inda baƙi za su taru suna kallo ba. Wanda ya karya wannan amana ya rufe wa kansa kowane zaure a garin, kuma sana'ar da ba ta shiga zaure ta mutu. Saboda haka tattara waɗannan hotuna ba aikin kwasa a mota ba ne. Sai an bi gida-gida an yi sallama, a nemi izinin mai hoto ko magadansa, a kwafa a mayar masa da nasa, a rubuta sunan gari da shekara da sunan wanda ya ɗauka, a kuma yarda cewa wasu hotunan za a adana su ne kawai, ba za a nuna ba sai bayan ran masu su. Waɗanda suka iya faɗin ko su wane ne a cikin hotunan 1970 zuwa 1985 yanzu sun haura sittin, kuma yawancin hotunan babu rubutu a bayansu.