Tsohuwar Na'urar Gem Daga Ƙetare: Duba Abu Uku Kafin Ka Biya

Yau zancenmu na fatake ne da masu gidan gem, da kuma makiyayin da ya sayar da tunkiya don ya sayo wa yara abin wasa. Tsofaffin na'urorin gem suna shigowa cikin kayan gwanjo, wasu kuma 'yan uwa ke aiko su. Nintendo ya fitar da Famicom a Japan a 1983, Sega ya kawo Mega Drive a 1988, Sony kuma PlayStation a 1994. Kowanne da ƙasar da aka ƙera shi dominta, to a nan gizo ke saƙar.

Na farko, wuta. Lantarkin Japan bolt 100 ne, na Amurka 120, namu a Nijar da Najeriya 220 zuwa 230. Ka jona PlayStation ɗin Japan kai tsaye a bango ko a janareto, sai dai ka ji ƙauri, kuɗinka sun ƙone. Juya shi ka karanta rubutun baya ko na jikin adafta. In ka ga 100-240V, ba damuwa. In 100V ko 120V kaɗai aka rubuta, sai da tiransifoma mai rage wuta. Mai sola ma haka, domin inbata ɗinmu 220 take bayarwa.

Na biyu, hoto. Japan da Amurka tsarin NTSC suke bi, Ingila da yawancin Turai PAL. Tsohuwar talabijin da ba ta san NTSC ba, hoton zai fito baƙi da fari, ko ya riƙa birgima. Famicom na farko ma ta ramin eriya kaɗai yake fitar da hoto, a kan tashar Japan.

Na uku, kaset. Na Famicom haƙoransa 60, na ɗan uwansa NES na Amurka 72, ba sa shiga juna. Haka faifan PlayStation na Turai ba ya tashi a na Japan. Wanda ya sayi na'ura can, kaset nan, ya sayi jaki ne ba mangala.

Shawara, ɗan uwa: nemi na Turai, shi ya dace da wutarmu. Ka sa mai sayarwa ya kunna a gabanka, ko ya turo bidiyo ta WhatsApp, ka ga hannun wasa yana aiki. Ka kula da jabu: mai kurin wasa dubu a cikinsa, ba na ainihi ba ne. Sannan ka haɗa lissafi duka, kuɗin kaya, na dako, na duwan ko kwastan, da na tiransifoma, kafin ka yanka farashi. Rasit kuwa ya zauna a aljihunka har ka wuce shinge na ƙarshe.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya kai kowa gida lafiya.