Shin Ko Kun San? Niyyar Fada Da Ingancin Sakramenti

Shin ko kun san cewa a koyarwar Cocin Katolika, sakramenti ba ya inganta sai abu uku sun haɗu? Abin da ake amfani da shi, kamar ruwa a baftisma, da kalmomin da ake furtawa, sai kuma niyyar mai gudanarwa ta yin abin da Ikilisiya take yi. Majalisar Florence ta faɗi haka a 1439, ta Trent kuma ta ƙara jaddada batun niyya a 1547.

Ko kun san niyyar nan ba ta nufin sai fada ya zama waliyyi? Tun ƙarni na 4 mabiya Donatus a Arewacin Afirka suka ce baftismar da limamin da ya ci amanar bangaskiya ya yi wa wani ba ta karɓu ba. Agustin, bishop ɗin Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya yau, ya ce atafau: Almasihu ne mai baftismar, fada hannu ne kawai. Da an bi Donatus, da kowa ya kwana yana binciken zuciyar limaminsa.

Ko kun san in jariri yana bakin mutuwa kuma babu fada a kusa, kowa zai iya yi masa baftisma? Har ungozomar da ba Kirista ba, muddin ta zuba ruwa, ta faɗi kalmomin daidai, ta kuma yi nufin abin da Ikilisiya ke nufi. Ɗan wasan kwaikwayo kuwa, ko ya kwara bokiti guda, wanka kawai ya yi wa abokinsa.

To, in fada ya yi komai a zahiri, amma a ransa ya ƙudurta ba zai yi abin da Ikilisiya take yi ba fa? A 1690 Fafaroma Alexander na VIII ya yi watsi da ra'ayin masu cewa irin wannan baftisma ta yi.

Kyakkyawar niyya ma ba ta gyara kalma. A 2020 Vatican ta ce baftismar da aka yi da "muna yi maka" a maimakon "ina yi maka" ba ta inganta ba. Fada Matthew Hood na Detroit a Amurka ya tuna bidiyon baftismarsa ta 1990, ya ji dikon da ya yi masa baftismar ya ce "muna". Sai da aka yi masa baftisma sabuwa fil, aka kuma naɗa shi fada, bayan shekara 3 yana jagorantar Misa.