Dolittle: Me Ya Sa Masu Sharhi Suka Yi Masa Kaca-kaca?

Yau zancen Dolittle zan yi, fim ɗin nan na 2020 da Robert Downey Jr. ya fito a likita mai jin yaren dabbobi. Da yawanku kun kalla da yara a gida kun sha dariya, amma in kun leƙa intanet sai ku tarar masu sharhi sun yi masa rubdugu. To ina matsalar take?

Bari mu fara da makin da ake yawo da shi. A shafin Rotten Tomatoes bai kai 20 cikin 100 ba a wajen masu sharhi, alhali 'yan kallo sun ba shi sama da 70. Wannan lamba ba makin kyau ba ce irin ta jarrabawa. Ƙirge ne kawai: cikin masu sharhi ɗari, nawa ne suka ce a je a kalla? Wanda ya ce fim ɗin lami ne da wanda ya ce shara ne duk layi ɗaya suke shiga.

Abin da ya fi ɓata musu rai shi ne labarin ya fito a yayyanke, kamar rigar da tela uku suka ɗinka. Kuma da dalili. Daraktan, Stephen Gaghan, gwanin fina-finan manya ne masu nauyi. Shi ya yi Syriana, ya kuma ci Oscar da rubutun Traffic. Da aka gwada nuna fim ɗin ga wasu 'yan kallo kafin fitarwa, barkwancin bai kama su ba. Sai kamfanin Universal ya kawo Jonathan Liebesman da Chris McKay aka sake ɗaukar wasu fitowa har kusan mako uku, aka cuccusa raha a bakin dabbobi. Shi ya sa za ka ga ana cikin jimamin Sarauniya Victoria da aka sa wa guba, kwatsam jimina ta jefo wasa. Ni wannan kuka na yarda da shi.

Sai muryar Downey. Karin harshen mutanen Wales ya ara, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai rowar kalma. Turawa kunnensu ya kama, mu kuwa ko a jikinmu. Ka tuna kuma shi ne fim ɗinsa na farko bayan Avengers: Endgame, an sa rai da yawa.

Amma wurin da aka fi yi wa dariyar ƙeta shi ne ƙarshe, inda likitan ya zura hannu ya zaro tarkacen sulke da algaitar Sikotlan daga cikin dodo mai aman wuta, dodon ya sakar masa tusa a fuska. Masu sharhi suka ce an zubar da girman fim. Yara kuwa nan suke faɗuwa ƙasa don dariya, kuma su aka yi wa fim ɗin. A nan na rabu da masu sharhin. Wanda ya tashi da tatsuniyar Gizo ya san dabba mai magana da shaƙiyanci tare suke tafiya. Haka ma goggon birin nan matsoraci da Rami Malek ya yi wa murya, wallahi ya burge ni, da akun Emma Thompson mai tsawatar wa kowa.

Ta fuskar kuɗi dai an ji jiki. An kashe kusan dala miliyan 175, ya kawo kusan 250 a duniya. Kamar riba ko? Ina! Gidajen sinima suna riƙe kusan rabin kuɗin tikiti, ga kuɗin talla da ba ya cikin lissafin farko. Daga baya ma ya ci kyautar Razzie, wadda ake ba fina-finan da suka fi muni, a rukunin waɗanda aka maimaita.

Mai son gwadawa ya nemi na Eddie Murphy na 1998 ya haɗa su. Ku gaya min a ƙasa wanne yaranku suka ce a sake sa musu.