Nau'o'in Man Dizal da Aikin da Ya Dace da Kowanne

Man dizal, wanda direbobi a Najeriya ke kira gas, a Nijar kuma gazuwal, daga ɗanyen mai ake tace shi, kuma ya fi fetur da kananzir nauyi da maiƙo. Injin da ke shan sa, wanda Bajamushe Rudolf Diesel ya kammala ƙerawa a 1897, ba ya amfani da fulogi. Fistin ne ke matse iska har ta ɗauki zafi mai tsanani, sannan a feso man ya kama da kansa. Shi ya sa saurin kamawar man ke da muhimmanci. Ana auna shi da lambar siten: a Amurka ba a yarda ta gaza 40 ba, a Turai kuwa 51. Idan lambar ta yi ƙasa, injin yakan yi wuyar tashi, ya riƙa ƙara da hayaƙi.

Ma'aunin Amurka ya kasa dizal gida uku ta fuskar nauyi. Mai lamba 1 tsinkakke ne, ɗan'uwan kananzir. Mai lamba 2 shi ne na yau da kullum, wanda tirela, tanka, tarakta da janareta ke sha. Ya fi mai lamba 1 ba da ƙarfi a kowace lita, kuma ya fi shi shafe sassan injin da maiƙo. Matsalarsa guda ita ce sanyi. Akwai kakin da ke narke a cikinsa, wanda kan daskare idan ƙanƙara ta sauka, ya toshe filta, mota ta ƙi tashi. Don haka a ƙasashe irin su Kanada ake gauraya shi da mai lamba 1 lokacin hunturu. Sanyin Kano ko Damagaram da wuya ya kai ga haka. Mai lamba 4 kuwa mai kauri ne, na manyan injuna masu juyawa a hankali ba tsayawa, kamar na tashoshin wutar lantarki.

Rabon da ya fi shafar lafiyar jama'a shi ne na yawan salfa, wato farar wuta. Idan ta ƙone takan fito cikin hayaƙin da ke cutar da huhu, ta kuma lalata na'urorin tace hayaƙi na sababbin motoci. Tun 2006 Amurka ta fara sayar da dizal ɗin kan titi da salfarsa ba ta wuce kashi 15 cikin miliyan ba. Turai ta sauko zuwa 10 a 2009. An daɗe ana shigo wa Afirka ta Yamma da mai wanda salfarsa ta kai dubbai, kafin ƙungiyar ECOWAS ta amince da iyakar 50 a 2020. Wannan doka tana da kyau ƙwarai, amma amfaninta ya rataya ne ga a riƙa gwada man a tashar jiragen ruwa da gidajen mai.

Launi ba ya nuna daraja. Jan dizal da ake gani a Ingila da Amurka rina shi aka yi don a gane na injunan gona da makamantansu ne, mai rangwamen haraji, kada a zuba shi a motar kan titi. Akwai kuma dizal ɗin da ake haɗawa da wanda aka sarrafa daga man tsirrai ko kitsen dabbobi. Alamar B7 ko B20 tana faɗin kashi nawa cikin ɗari ne haɗin.

A ƙasashe masu zafi, algus da datti suna cikin abubuwan da ke kashe injin. Mai da aka surka da kananzir yakan rasa maiƙo, famfon mai da nozul su cinye kansu. Ruwan da ke taruwa a gindin tanki ko duro yana jawo tsatsa da ƙwayoyin halitta masu toshe filta, musamman a janaretan da ke daɗewa ba a tayar ba. Sababbin injuna, da ke fesa mai da matsi mai yawan gaske ta ƙofofi ƙanana kamar silin gashi, sun fi tsofaffi saurin lalacewa da irin wannan mai, gyaransu kuma ya fi tsada.